Ranar da Na Jeme Ƙafafun 'Yan Wasanmu

Makon jiya aka kira ni in duba kafaɗar wani ɗan kasuwa a wani gidan motsa jiki da aka buɗe a Sharaɗa, cikin tsohon ginin da na sani tun ana yin sabulu a ciki. Na shiga na tarar da bango duk madubi, kiɗa na tashi, ga samari a jere kowa a kan na'ura yana ta sheƙa gudu, gumi na zuba, amma ba wanda ya gusa ko taku ɗaya. Ni da na yi shekaru ina gudu daga Panshekara zuwa gadar Challawa in dawo kafin jiniyar safe, ban taɓa zaton zan ga ranar da mutum zai yi gudun rabin awa ya sauka a inda ya hau ba. Da na gama da kafaɗar, mai wurin ya ɗauko wani abu mai siffar bindiga, ya danna, ya hau ɓari yana ƙugi, ya ce wai wannan ne mai tausa na zamani. Na karɓa na ɗora a cinyata don kada a ce tsoho ya ƙi gaskiya. Ƙarfi kam yana da shi, sai dai bai san inda ke ciwo ba, kuma ba ya tambaya.

Da zan koma gida Zawaciki na ce wa mai adaidaita sahu ya zaga da ni ta Challawa, haka kawai raina ya so. A nan dariyar ta tsaya mini. Filin ƙwallon da ke bayan tsohon kamfaninmu na jima an zagaye shi da katanga, tifa na sauke yashi, ana haƙa harsashin sito. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin sau biyu ke nan ana ƙwace filin nan a kan idona, kuma karon farko da hannayena biyu na ba da shi. Ban sayar ba, ban ci amanar kowa ba. Tausa ce kawai ta yi yawa.

A wancan zamanin jiniya muke bi, agogo na masu ofis ne. Kowane kamfani da irin kukan tasa, har matan unguwa sun san wadda ke cewa a ɗora tukunya da wadda ke cewa maigida na hanya. In ta canjin aiki ta busa sai titi ya cika da kekuna, ƙararrawa ko'ina, masu koko da ƙosai na kiran ciniki, daga ciki kuma manyan gangunan jima na juyi da fatu, rugum-rugum, har in sun tsaya sai ka zaci kunnenka ne ya toshe. Mutane ne daga ko'ina, mu 'yan ƙauyukan gabas, ga mutanen Damagaram da Maraɗi, ga Kiristoci daga kudancin Kaduna da Filato, kuma wari ya haɗa mu duka. Wanda ya yi wata guda a kamfanin jima, ko da sabulu uku ya yi wanka, in ya shiga bas sai an matsa masa wuri, mu kuwa muka ɗauki abin girmamawa. 'Yan masaƙar Bompai na kiranmu 'yan wari, mu muna kiransu 'yan furfura saboda audugar da ke maƙale musu a gashi, 'yan Sharaɗa na tsakiya suna yi wa kowa dariya. Yanzu na bi titin nan da rana tsaka ban ji komai ba sai janareto ɗaya da kukan akuya.

Ni an sa ni a ɓangaren ƙarshe, inda ake tausasa fatar awaki mai tsada wadda ba a yarda inji ya taɓa ba. Maigidana a wurin wani dattijo ne da ya gaji jima kaka da kakanni a cikin birni, kowa Baba yake ce masa, har manaja. Shi ya koya mini yadda ake shafa wa fata mai, a murza ta da tushen tafin hannu, a ja, a naɗe, a sake murzawa, ana lalube inda ta ƙulle. In na ɗago na ce ta yi, sai ya taɓa da yatsa biyu, ko kallona bai yi ba, ya ce tana gardama tukuna. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita: ba a sakin fata sai ta daina gardama ta kwanta a hannu kamar tsohon zane. Na haddace karatun nan har ya shiga jinina. Abin da Baba bai faɗa mini ba, don bai ga dalilin faɗa ba, shi ne duk fatar da muke murzawa mai ita ta riga ta gama gudunta a duniya.

Zuciyata kuwa tana fili. Tun ina ƙauye ni ne na farko a langa da tsere, in aka aike ni kasuwa a guje nake zuwa ko ba sauri ake ba, har mahaifiyata ta taɓa kai ni wurin malami a duba ko wani abu ke bina. Da na zo birni abin ya zama ciwo. Na cika gwangwanayen madara biyu da siminti na soke su da ƙarfe ina ɗagawa bayan sallar asuba, in yi gudun gada, in yi tsallen igiya, sannan in shiga aiki. Ba taba, ba goro. A duk Challawa ba wanda ya kai ni dogon numfashi. Matsalar ɗaya ce, ƙwallo ba ta sona, kuma ban san abin da na yi mata ba. In na ce ta yi gabas sai ta yi arewa, in na tare ta sai ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Nakan riga kowa isa wurinta, sannan in tsaya ni da ita muna kallon juna.

Mai horar da ƙungiyarmu wani tsohon soja ne mutumin Filato, shi ke kula da tukunyar tururin kamfani, muna ce masa Saje. Gajere ne kakkaura, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, usur ɗinsa ke yi masa faɗa. Filin nan shi ya fitar da shi. Da juji ne, ƙaya da ɓaraguzai, ya roƙi manaja aro, ya yi wata da watanni yana sara da fartanya, ranar Lahadi daga coci can yake wucewa da kayan cocinsa, har kunya ta kama mu muka shiga taya shi. Turakun raga da tsofaffin bututun tukunyarsa ya yi su. In la'asar ta yi muna tsakiyar atisaye da kansa yake busa usur, ya zauna a kan ƙwallo har mu idar, wanda ya daɗe a sujada kuma ya ce ya gane hutawa yake, ya ƙara masa zagaye biyu. Ba shi da gona a Kano, gidan da yake ciki na haya ne. Filin nan ne kaɗai abin da zai nuna ya ce nasa, shi ma na aro.

Saje ya gwada ni a gaba, ya gwada ni a baya, ya gwada ni a gola, daga ƙarshe ya ce in riƙa zama kusa da shi a benci in koyi wasa da ido. Shekara biyu ina koyo da ido. Ran nan ana wasa jijiya ta ɗaure wa kyaftin ɗinmu a sha-raɓa, ya faɗi yana birgima. Kafin kowa ya motsa na isa. Ban san komai game da jikin mutum ba, amma da na ɗora hannu sai na ji abin da na saba ji a wurin aiki, wuri ya ƙulle yana gardama. Na bi shi da tushen hannu yadda Baba ya koya mini, ya saki, mutum ya tashi ya ci gaba da wasa. Daga ranar na samu muƙami. Bayan kowane wasa sai su kwanta a gindin darbejiya in bi su ɗaya bayan ɗaya da man gyaɗa, washegari su zo aiki garau. Saje ya sa aka ɗinka mini riga irin ta 'yan wasa, ba lamba a baya. Ban taɓa jin daɗin wata riga haka ba, har da ta aurena.

Ana nan kasuwar fata ta buɗe, wurin shanya ya yi wa kamfani kaɗan, manaja ya kira Saje ya ce aro ya ƙare. Saje ya yi ta roƙo, Baba ya sa baki, daga ƙarshe manaja ya yanke magana. Akwai kofin da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa ke bugawa duk shekara, wanda ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba. In muka ɗauko shi bana, fili ya zama na ƙwallo har abada. In muka faɗi, ranar Litinin a shimfiɗa fatu. Ya faɗa yana murmushi, don a ganinsa wurin shanya ya samu. Sai ga shi tsoro ya yi mana abin da atisaye bai yi ba. Muka yi ta cin wasa, mu kanmu muna mamaki, har muka wayi gari a wasan ƙarshe, mu da 'yan furfurar Bompai. Ƙuri'a ta ba mu gida, aka ɗauko alƙalin wasa daga Sharaɗa don kada a ce an yi son kai.

Ranar Asabar ce, za a take wasa bayan la'asar. Tun azahar 'yan Bompai suka iso, a cikinsu akwai wani ƙato da ba wanda ya taɓa gani, suka ce wai sabon sitokifansu ne. Saje ya dubi cinyoyinsa ya ce wannan bai taɓa shiga sito ba, sojan haya ne, ya ja shugabannin gasa zuwa ofis a duba takardu. Kafin ya tafi ya ce in kula mutane su zauna a inuwa, kada kowa ya gajiyar da kansa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na kwana biyu ina tunanin abin da zan yi wa filin nan, tunda ƙwallo ba zan buga ba. Na dube su a gindin darbejiya, kowa jiki a ɗaure don fargaba, na taɓa cinyar kyaftin na ji ta kamar icce. Sai wani tunani ya zo mini, irin wanda majemi kaɗai zai yi: in tausar bayan wasa na sa mutum ya tashi garau, ta kafin wasa ai sai ta sa shi tashi sama. Na ɗauko galan ɗin man gyaɗa da rana ta riga ta ɗumama, na ce kowa ya kwanta.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na ranar ba. Na bi su tun daga agara har ƙugu, na murza, na ja, na sake murzawa. Duk inda na ji tsoka ta yi tauri, wato ta shirya gudu ke nan amma ni ban sani ba, sai in ce tana gardama, in zauna a kanta sai ta kwanta. Gardamar ofis ta ɗauki wajen awa biyu, ni ma na yi awa biyu. Suna ta sa mini albarka, wani na cewa a ƙara nan, wani ya daina magana gaba ɗaya. Mutum goma sha biyu na jeme, har da masu jiran canji, don kada su ce an yi wariya. Wanda ya tsira shi ne Dogo, ɗan gabanmu mutumin Damagaram, don ba ya jure cakulkuli. Ina taɓa tafin ƙafarsa ya yi tsalle ya haye katanga. Har haushinsa na ji, na ce a raina shi zai ja mana.

Saje ya dawo bai yi nasara ba, sitokifa zai buga. Aka yi sallah, fili ya cika maƙil har kan katanga, manaja na zaune a kujera a gaba. Mutanenmu suka fito suna ƙyalli, suna tafiya a hankali, kowa na murmushi kamar masu dawowa daga walima. Aka busa usur. Kyaftin ya ga ƙwallo ta wuce shi, ya bi ta da kallo cikin ladabi. Wani ɗan bayanmu ya ɗaga ƙafa zai buga, ƙafar ta tafi a nata lokacin, ya zauna a ƙasa, da ya ji daɗin zaman kuma bai yi saurin tashi ba. Golanmu ya jingina da turke yana hamma. Sitokifa ya zura ɗaya, ya zura ta biyu, ta biyun ma sai da ya waiga ko an busa ne bai ji ba, don ba wanda ya biyo shi. Dogo kaɗai ke zirga-zirga a gaba yana masifa. 'Yan kallo suka ce an yi mana asiri, wasu har sun fara shirin tone gindin raga neman laya. Ni kuwa tun ƙwallo ta farko na gane aikina ne, na tura galan ɗin ƙarƙashin benci da ƙafa.

Da aka tafi hutu suka zube a inuwa, biyu har sun fara gyangyaɗi. Saje ya durƙusa ya kama sha-raɓar kyaftin, yatsunsa suka nutse, ya shinshina hannunsa, ya juyo ya dube ni. Baba ne ya ratso mutane da sandarsa, shi da bai taɓa kallon ƙwallo ba sai ranar, ya taɓa cinyar gola da yatsa biyu yadda yake yi wa fata.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Da jaka za a ɗinka da su, da an ƙara maka girma. Amma ɗan nan, waɗannan ai da sauransu, gudu za su yi."

Aka tambaye shi ko akwai magani, ya ce shi dai a saninsa abin da ya saki da yawa ruwan sanyi ake kwara masa a bubbuga, bai sani ba ko mutum ma haka ne. Nan take aka kwashe randunan masu ruwa. Ana kwara musu ina bin cinyoyi da mari da hannu biyu, har 'yan Bompai suka leƙo suna tambaya ko dukansu ake don sun sha biyu. Yawancinsu suka farfaɗo. Mai buga gefen dama dai ya ce shi a bar shi, bai taɓa jin daɗin duniya irin na yau ba. Saje ya duba masu jiran canji, su ma a kwance. Saura mutum ɗaya a benci mai ƙafa da rai, wato ni. Ya cire rigar mai buga gefen daman ya miƙo mini.

"Kada ka taɓa ƙwallo," ya ce. "Ka bi sitokifan nan duk inda ya je. In ya shiga bayi ka jira shi a ƙofa."

Wannan aiki kam an ba mai shi. Na manne wa mutumin nan kamar ƙarangiya. Ya yi gabas ina nan, ya yi yamma ina nan, ga warin jima ga man gyaɗa, har ya fara roƙona in ɗan matsa ya sha iska. Ba a jima ba ya dafa gwiwa yana haki, ni ko gumi ban fara ba. Dogo ya yanke mutum uku ya rama ɗaya, fili ya ɗauki ihu, na hango manaja ya daina murmushi. In muka rama ta biyu za a je bugun fenareti, golanmu kuwa in ya farka ba shi da na biyu a nan. Saura ƙiris a tashi Dogo ya sake kutsawa ta hagu, golansu ya fito, ƙwallo ta wuce shi ta gangaro a hankali ta gaban raga. Ba kowa a wurin sai ni, don na riga kowa isa, kamar kullum. Raga a buɗe, taku huɗu tsakanina da ita. Da na tsaya cak ƙwallon ta buge ni, da ta shiga. Da na faɗi a kanta, da ta shiga. Amma na tuna filin, na tuna fartanyar Saje, na tattara duk ƙarfin gwangwanayen siminti na narka mata ƙafa. A harabar kamfanin maƙwabtanmu aka tsinto ta washegari.

Ranar Litinin aka shimfiɗa fatu. Helma, shugaban leburorinmu wanda ba ya rasa mugunta, ya ce tunda ni na samar da wurin ni zan fara shanya. Na yi ta jera fatun awaki tun daga tsakiyar fili har gaban raga, aka ɗaura igiya a turakun Saje ana rataya ƙiraga. Daga ranar sunana ya ɓace, sai Mai Laushi. Abin mamaki, a nan kuma kasuwata ta buɗe, domin gola ya bi gari yana ba da labari cewa tunda aka haife shi bai taɓa barci irin na ranar ba, ciwon bayansa ma ya tafi. Masu dako da direbobi, har 'yan furfurar Bompai, suka riƙa zuwa nemana. Kowa ya zage ni ya huce, ya yi dariyarsa ya gama. Saje ne kaɗai bai zage ni ba, bai yi dariya ba. Kullum sai ya gaishe ni, ya wuce wurin tukunyarsa ta wata doguwar hanya wadda ba ta bi ta gefen filin. Sau uku ina zuwa ba shi haƙuri, ina buɗe baki sai ya tambaye ni ko an yi ruwa a ƙauyenmu. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Usur ɗin kuma ban sake jin sa ba.

Kunyar nan ce ta kai ni koyon sana'ar yadda ya kamata. Na samu wani tsohon mai tausar 'yan wasa a cikin gari na riƙa bin sa ranakun hutu. Da na ba shi labarina sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya koya mini abin da yanzu kowane ɗan koyo ya sani, wato tausa biyu ce. Ta kafin wasa gajeriya ce, sama-sama, da sauri, tashin tsoka ake yi. Mai zurfin nan ta bayan wasa ce, lokacin da ake so ta kwanta. Na koyi inda ba a dannawa, na koyi gane ciwon da ke nawa da wanda ke na maɗori ko asibiti. Da wutar lantarki ta yi ƙaranci, jiniyoyi suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, ni hannuna ya riga ya zama sana'a. Na bi ƙungiyoyi gari-gari, na taɓa 'yan ƙwallo da 'yan dambe da masu tsere. Har yau bayan asuba ina zaga unguwa da ɗan gudu, matasa na cewa Baba a yi a hankali, ni kuwa ina wuce su. Kuma duk ɗan wasan da ya kwanta a gabana, kafin in taɓa mai sai na tambaye shi yaushe ne wasansa.

Shekaru suka tura, mun yi furfurar gaske ba ta auduga ba, sai ga wata mata ta yi sallama a gidana ta ce ita 'yar Saje ce. Babanta ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a riƙa motsa masa ƙafa, shi kuma ya ce ba mai taɓa shi sai Mai Laushi. Na same shi a ɗaki ɗaya a Panshekara, ya ƙanƙance, baki ya karkace, usur na rataye a ƙusa kusa da kalandar coci. Na riƙa zuwa Talata da Juma'a. Muna hira kaɗan-kaɗan, ta abokan da suka rasu, ta Baba Allah ya jiƙansa, amma fili ko sau ɗaya. Wata Juma'a da hantsi na ɗumama mai, na ɗora ƙafar da ta shanye a cinyata na fara bin ta da tushen hannu. Ƙafa ce da ba ta gardama ko kaɗan, kuma ban taɓa roƙon Allah ya sa tsoka ta yi mini gardama ba sai a kanta. Ina cikin yi na ji ya yi magana, da ƙyar, ta gefen baki.

"A hankali, Mai Laushi. Ina da wasa gobe."

Na ɗago. Rabin fuskarsa da ke aiki dariya yake yi. Ni ma na fashe da dariya, ban san lokacin da ta juye kuka ba, tsoho da ni, hannu duk mai ba halin share ido. Na ce, "Saje, ku yafe mini filin nan. Na daɗe ina so in faɗa, kuna tambayata ruwan sama."

"Fili na yafe tun ranar, kafin in cire takalmi," ya ce. "Don son shi ka yi. Maganar ce ban iya ba." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Amma ƙwallon nan. Taku huɗu. Sai da na ce kada ka taɓa. Wannan kam sai dai Allah ya yafe maka."

Kafin damina ta faɗi ya rasu. Ni da gola da Dogo muna cikin waɗanda suka ɗora akwatinsa a motar Filato, 'yarsa ta ba ni usur ɗin a ƙunshe cikin hankici.

Shi ya sa makon jiya na ce wa mai adaidaita ya tsaya. Na roƙi maigadi ya bar ni in shiga, na ce a nan na yi ƙuruciya, ya dube ni ya ga ba abin da zan iya ɗauka, ya buɗe. Darbejiyar an sare ta. Amma can gefen tulin yashi na ga guntun bututu ɗaya ya leƙo daga ƙasa, tsatsa ta cinye shi, ina gani na gane shi. Na auna inda ɗayan turken yake a da, na ajiye hulata a wurin, na ja baya taku huɗu. Akwai wani gwangwanin lemo a yashe, na gyara masa zama. Maigadi da leburori biyu sun dogara da shebur suna kallon ikon Allah. Na yi bismilla, a hankali wannan karon, ba ƙarfi, na tura shi da ƙafa.

Ya bi ta bayan hular ya faɗa ramin harsashi.

Maigadi ya yi gyaran murya, cikin ladabi ya ce, "Baba, ai kun ɓarar."

Na ɗauki hulata na kakkaɓe, na taɓa usur ɗin a aljihu. Na ce masa na sani, an riga an faɗa mini.